Za Ta Hau Wayata?

Adila malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata da ke Haɗejiya. Tun tana karatu a Kano, ita da wani ɗan ajinsu mai suna Misbahu suka buɗe shafi a intanet, suka raɗa masa suna "Za Ta Hau?" Abin da ya jawo shi ƙaramin abu ne, amma mai cin rai. Mutum zai sayi data ya sauke manhaja, sai ta gama shanye datar sannan ta ƙi buɗewa a wayarsa. Wata kuma ta buɗe, amma ta yi ta sanƙarewa. Wayoyin da talaka ke iya saya iri-iri ne, kowacce da halinta. Shi ne suka ce duk wanda ya gwada wata manhaja a wayarsa ya zo ya rubuta abin da ya gani, ta hau ko ba ta hau ba, domin na baya ya duba kafin ya yi asara.

Shafin ya karɓu daidai gwargwado. Ba a biyan kowa, kowa don Allah yake yi. Ɗalibai da masu gyaran waya na Kano su suka fi zuba bayanai. Da aka gama karatu Misbahu ya sami aiki a can, ya ci gaba da riritar shafin, ita kuwa Adila ta dawo gida tana leƙawa a ƙarshen mako. In an tambaye ta takan ce shafinsu ba wuya, kowa ma zai iya. Haka ta ɗauka har ranar da ta je gonar kawunta.

Kawu Ya'u ƙanin mahaifiyarta ne, a fadamar bayan gari yake noma. Da ruwan kogi ya ja baya ya kwashe shinkafarsa, sai ya dasa tattasai da albasa. Wata Asabar Umma, mahaifiyar Adila, ta ba ta dambu a kwano ta kai masa. Ta tarar da shi tsugune a tsakiyar tattasai yana juya wani ganye da ya nannaɗe, injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin rafi.

"Yawwa, 'yar gidana, kin zo a kan gaɓa," in ji shi bayan sun gaisa. "Malamin gona ya nuna mana wata manhaja, ka ɗauki hoton ganye ta gaya maka ciwon da ke damunsa. Na sauke ta a tawa wayar, ta sha data ta ƙoshi, ta ƙi buɗe ido."

"Kawu, ai da ka fara duba shafinmu."

"Wanda uwarki take cika mu da labarinsa? To buɗe mini in gani."

Ta buɗe ta miƙa masa. Kawu Ya'u yana karanta Hausa tiryan-tiryan, da boko da ajami, labaran duniya ma a waya yake bi. Ya nisanta wayar da fuskarsa, ya matso da ita. Komai da Turanci ne, layuka ƙanana jere reras, cike da haruffa da lambobi.

"Wannan gurbin me ake so a sa?"

"Samfurin wayarka."

"Mai ido uku ce."

"A'a Kawu, lambarta."

"Lambata ai kina da ita. Ba ita kike kira ba?"

Adila ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta karɓi wayar ta shiga can cikin saiti, ta tono lambar samfurin ta rubuta. Babu komai. Ba wanda ya taɓa kawo rahoto a kan irin wayar, alhali rabin manoman fadamar ita ce a aljihunsu.

"To tunda ka gwada ta ƙi, sai ka shigar da rahoto wani ya amfana," in ji ta.

Ta buɗe masa wurin. Aka nemi imel, aka nemi kalmar sirri, aka nemi wasu abubuwa da ita kanta sai ta tsaya ta yi tunani. Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata da wayar, ya jawo kwanon dambu.

"Gidan naku ya ginu, Adila, ba ƙarya. Amma kun manta ba ku yi masa ƙofa ba. Ta katanga kuke shiga?"

Ba da faɗa ya faɗa ba, yana ma cin dambunsa ne. Amma maganar ta bi ta har gida. Sai a lokacin ta lura ba ta taɓa zama ta kalli wani yana amfani da shafin ba, in ba irinsu da suka yi aji ɗaya ba.

Bayan la'asar ta kira Misbahu ta kwashe komai ta gaya masa. Ya saurare ta har ta gama.

"Na ji," in ji shi. "Amma kin san wahalar da aka sha kafin bayanan nan su zauna daidai. In muka sassauta, kowa ya zubo abin da ya ga dama, gobe wani ya duba ya ga an ce ta hau, ya sauke ta ƙi, shi ke nan an daina yarda da mu. Abin da muke da shi ke nan, yarda."

Adila ta san yana da gaskiya, ba ta ja da shi ba. "Ban ce ka canza komai ba tukuna. Ka zo Haɗejiya ranar kasuwa, ka zauna ka yi kallo kawai. Gasasshen kifi yana wuyana."

"To kifin ne zai kawo ni, ki sani."

Ya zo kuwa. Ta kai shi rumfar Munzali, wani magidanci mai gyaran waya a bakin kasuwa, kusa da inda ake loda kwalayen banda a manyan motoci. Warin kifi da hayaƙin mota sun gauraye, mutane suna ta kai da kawo. Munzali ya share musu benci. Da ya ji su ne masu shafin sai ya saki murmushi.

"Ai ina dubawa kullum. Ya sha fitar da ni kunya wajen kwastoma."

"To me ya sa ba ka aiko mana da rahoto?" in ji Misbahu. "Kai da wayoyi ke bi ta hannunka haka."

"Na aika, malam. Ya dawo mini da jan rubutu. Na sake, ya kuma dawowa. Ban san laifina ba, ba kuma wanda zan tambaya. Sai na ce ƙila ba a son na irinmu."

Misbahu ya ce ya gwada a gabansa. Munzali ya cike komai daidai, sai dai ya bar 'yar tazara a tsakiyar lambar samfurin, yadda take a rubuce a jikin kwalin wayar. Jan rubutun ya fito, kalmomi biyu na Turanci, babu bayani. Misbahu ne ya rubuta su da hannunsa shekarun baya. Ya sosa ƙeya.

Suna nan zaune wata mata mai sana'ar kifi ta zo da wayarta, mai ido uku irin ta Kawu. Ta ce manhajar da ƙanwarta ke tura hotunan kaya da ita ta ƙi hawa tata, kuma wayarsu iri ɗaya ce, rana ɗaya ma suka saya.

"Hajiya, waya sa'a ce," in ji Munzali. "Na sha ganin haka. Iri ɗaya, wannan ta yi, wannan ta ƙi."

Misbahu ya nemi izini ya karɓa. A cikin akwatin gilashin Munzali akwai wata irinta da aka kawo gyara, ya kunna su biyun ya jera. Daga waje ba ka bambanta su. Amma da ya shiga ciki, harafin ƙarshe na lambar ya sha bamban, ɗaya ƙwaƙwalwarta ta fi ɗaya girma.

Munzali ya riƙe baki. "Ashe ba sa'a ba ce! Ni kuwa na sha ba mutane haƙuri a kan wannan."

Misbahu ya juya wajen Adila. "Kin ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan lambar nan."

"Na gani. Kai ma ka ga dalilin da ya sa ba mai ba ka ita."

Munzali ya dube su duka biyun. "Ni dai in tambaya. Tunda lambar a cikin wayar take, shi shafin ba zai ɗauko abarsa da kansa ba? Dole sai mutum ya kwafa?"

Misbahu ya dubi motar da ake wa lodi. "Ba kowacce waya za ta yarda ba," in ji shi a hankali. "Amma yawancinsu za su yarda."

"Waɗanda suka ƙi kuma mu sa hotunansu," in ji Adila, "da sunayen da mutane ke kiransu."

Ranar sun ci kifin, amma rabin hankalin Misbahu yana kan wata takarda da yake ta zane a kai.

Aikin ya ɗauke su har tsakiyar rani. Misbahu yana can Kano yana gyaran cikin shafin, Adila tana mayar da komai Hausa, Munzali yana ɗaukar hoton bayan kowacce waya da ta shigo rumfarsa, ya haɗo da sunanta na kasuwa: mai ido uku, 'yar shafal, mai bakin kwalba. Suka rushe dogon teburin nan mai layuka da lambobi, suka bar amsa uku da launi uku: ta hau, ta hau amma da matsala, ba ta hau ba. Aka cire neman imel. Wanda rubutu ke ba shi wahala, aka sa masa wurin da zai danna ya yi magana da bakinsa. Misbahu ya kafa sharaɗi guda, Adila ta amince: ba rahoton da zai hau shafi kai tsaye. Sai ya tsaya a wani wuri da suka kira zaure, wani daga cikinsu ya duba tukuna. In akwai gyara, mutum ne zai ba da amsa, da sallama da bayani, ba jan rubutu ba.

A guruf ɗin masu taimakawa an yi muhawara mai zafi a kan kalma ɗaya. In manhaja ta tsaya cak ba gaba ba baya, me za a ce? 'Yan Kano suka ce ta maƙale. Munzali ya ce a nan sanƙarewa ake cewa. Wani daga Birniwa ya ce ta daskare. Aka kwana biyu ana ja, kowa yana kawo hujja daga bakin kakarsa, daga ƙarshe Adila ta sa shafin ya gane duka ukun, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci.

Kawu Ya'u ne ta fara kai wa sabon shafin. Wannan karon ba ta taɓa wayar ba. Ya buɗe, shafin ya nuna masa hoton wayarsa ya tambaye shi ko ita ce. Ya ce ita ce. Ya nemi manhajar ganye, ya ga ja, amma a ƙasa Munzali ya bar bayani cewa akwai ƙaramarta marar nauyi da ke hawa. Suka sauke, ta buɗe. Ya ɗauki hoton ganyen tattasai, ta ce alamun ƙananan ƙwari ne masu tsotse ruwan ganye.

"Abin da na zarga ke nan," in ji Kawu. "Amma shaida biyu ta fi ɗaya." Ya danna wurin magana, ya gyara murya kamar mai sanarwa a rediyo, ya ba da rahotonsa na farko.

Daga nan labari ya bazu. Masu gyaran waya suka gaya wa kwastomominsu, malamin gona ya faɗa a taron manoma, 'yan matan ajin Adila suka kai gidajensu. Sai ga saƙonnin murya suna kwarara zaure fiye da yadda kowa ya zata. Wani zai yi sallama, ya gaida masu shafi da iyalansu da iyayensu, ya yi addu'a mai tsawo, saƙon ya ƙare bai ambaci manhaja ba. Wani ya tambayi inda ake samun taki. Wani masunci ya turo kukan tsuntsaye kawai, da alama wayar ce ta dannu a aljihunsa. Adila takan dawo daga makaranta ta zauna saurare har kunnenta ya yi zafi, zauren kuma bai ragu ba.

"Ban ce na faɗa miki ba," in ji Misbahu a waya.

"Ka dai faɗa yanzu."

"To ya za mu yi? Mu rufe muryar?"

"Ba ni mako guda."

A cikin tarin saƙonnin akwai wata murya da Adila ta fara ganewa, ta wata dattijuwa mai magana a natse. Kullum takan faɗi sunanta, Mairam daga Kaugama, ta faɗi manhajar, ta faɗi abin da ya faru, ta yi sallama. Kuma takan ƙara wani abu da ba wanda ya tambaye ta: ko rubutun manhajar yana girma in an ƙara masa girma, ko wayar tana iya karanta shi da murya. Adila ta kira ta.

Ya Mairam, kamar yadda ake kiranta, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Idonta ya yi rauni, shi ya sa take kula da abin da masu lafiyar ido ba sa lura da shi. "Manhaja tana iya hawa waya, 'yata, amma ba ta hau mai wayar ba," in ji ta. "Irina muna da yawa."

Adila ta gaya mata halin da zauren ke ciki. Ya Mairam ta yi dariya sosai.

"Ke kin taɓa ganin Bahaushe ya shiga gida ya faɗi abin da ya kawo shi bai gaisa ba? Kun buɗe musu baki ba ku yi musu tambaya ba. Yaran aji ɗaya ma in ka ce su yi magana, hayaniya za ka samu. Tambaya ake yi musu, ɗaya bayan ɗaya. Ku fara gaishe su, sai su ji an sauke musu nauyin gaisuwar. Sauraren kuma ki turo mini, ni da nake zaune ba abin da nake yi sai kiwon kaji."

Haka aka yi. Misbahu ya naɗi muryar Ya Mairam ta waya ya ɗora a shafin. Duk wanda ya danna wurin magana, ita zai fara ji tana yi masa sallama da sannu da zuwa, sannan ta tambaye shi wace manhaja ce, ta jira, ta tambaye shi me ya gani, ta jira, ta yi masa godiya. Saƙonni suka gajarce, suka shiryu. Masu neman taki ba su daina ba gaba ɗaya, amma Ya Mairam takan amsa musu da haƙuri ta ce su nemi malamin gona. Misbahu da kansa ya ƙara sabon gurbi a kowacce manhaja don masu raunin ido, ya kuma sa sunan duk wanda ya kawo rahoto da garinsu a ƙarƙashin rahoton. Munzali ya ce tun da aka fara haka, abokan sana'arsa suke gasar wanda sunansa zai fi fitowa.

Ba komai ne ya gyaru ba. Wasu tsofaffin masu taimakawa na Kano sun yi ƙorafin an mayar da shafin na yara, har Misbahu ya bar musu tsohon teburin a wani lungu. Wani lokaci rahotanni biyu sukan ci karo, sai a bar su duka a rubuta cewa ana neman na uku. Amma zauren ya daina cika, masu dubawa sun ƙaru, Adila ta koma samun lokacin duba aikin ɗalibanta.

Kafin ruwa ya sauka, Munzali ya kawo shawarar a haɗu a ga juna, tunda yawancinsu murya kawai suka sani. Aka zaɓi dausayin Baturiya, matattarar tsuntsaye. Suka yi shimfiɗa a inuwa kusa da ruwa, tsuntsaye farare suna sauka suna tashi a cikin ciyawa, shanu suna kiwo can nesa. Masunta suka gasa musu kifi, wani ya zo da kankana cike da buhu. Da Ya Mairam ta sauko daga mota ta yi sallama, wurin ya kaure da dariya da tafi, kowa ya gane muryar. Misbahu ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne mai tsaron ƙa'ida?" in ji ta. "Ka ci gaba, ɗana. In ba irinka, da tuni mun cika wurin da hira."

Ana cikin ci wani dogon mutum ya matso kusa da Adila da Misbahu. Ya ce sunansa Haris, daga Birniwa, yana aikin allurar dabbobi, shi ne mai cewa ta daskare. Ya ce makiyayan da yake zagayawa wurinsu suna da wayoyi, suna kuma fama da irin wannan matsalar, amma da yawa daga cikin matansu da dattawansu sun fi sakewa da Fulatanci.

"In da hali, ni zan fassara," in ji shi. "Akwai kuma yayata, muryarta ta fi tawa daɗi."

Adila ta dubi Misbahu, tana jiran ya fara lissafa matsaloli. Ya ajiye ɓawon kankanar da ke hannunsa, ya goge yatsunsa, ya ciro kwamfutarsa daga jaka.

"Zauna nan in nuna maka inda kalmomin suke," in ji shi. "Ba su da yawa. Sai dai ka shirya, za a yi rigima a kan wasu."

Haris ya naɗe ƙafa ya zauna. Adila ta bar su sun haɗa kai a kan allon, ta ɗauki wani yankin kifi ta koma wajen Ya Mairam, wadda ke tambayar wani masunci sunan tsuntsun da take jin kukansa.